Fina-finan Tarihi da 'Yan Kallonsu a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Fim ɗin tarihi shi ne wanda aka gina labarinsa a wani zamani da ya shuɗe, aka yi wa 'yan wasansa shiga irin ta mutanen wancan lokaci, aka tanadi dawaki da makamai da gidaje da kalamai masu dacewa da shi. Wani a kan mutanen da suka taɓa rayuwa ake yin sa, kamar Ertugrul mahaifin Usman wanda ya kafa Daular Usmaniyya, ko Umar Mukhtar na Libiya. Wani kuma ƙirƙira ce tun daga tushe, sai dai an ɗora ta a kan fada da sarauta da yaƙi irin na dā, kamar Baahubali na Indiya. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, 'yan kallo ba su cika rarrabe waɗannan biyu wajen suna ba. Duk fim ɗin da ke da sarki da barade da takubba, na tarihi ne ko na yaƙi, kuma yana da masoyan da suka haɗa da yara da matasa, matan aure da magidanta, har da dattawan da ba ruwansu da fina-finan soyayya da rawa.

Yadda kallon ya samo asali

Kallon hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ne ta hanyar majigin Turawan mulkin mallaka, wanda ake yawo da shi a mota gari gari ana haskawa a fili da dare. Bayan shi gidajen sinima suka buɗe a biranen da ke da harkar ciniki da baƙi. Gusau na cikin irin waɗannan birane, domin tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, ta zama cibiyar sayen gyaɗa da auduga, ta tara 'yan kasuwa da ma'aikata daga ko'ina. A gidajen sinima ne mutane suka saba da fina-finan Indiya, da na kaboyi daga Amurka, da na faɗan hannu daga Hon Kon.

Zuwan kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980 ya shigar da kallo cikin gidaje. A wannan zamani ne fina-finai biyu na Mustafa Akkad, ɗan asalin Halab ta Siriya, suka samu gindin zama a zukatan Musulmin Arewa. Na farko shi ne Ar-Risala na 1976, a kan farkon Musulunci. Na biyu shi ne fim ɗin Umar Mukhtar na 1981, a kan malamin da ya jagoranci turjiya ga mamayar Italiya har aka rataye shi a 1931. Mutane da yawa da suka manyanta a lokacin, waɗannan biyu ne farkon abin da suka sani a matsayin fim ɗin tarihi.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni. Da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da Shari'a a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, gidajen sinima na cikin wuraren da aka rufe. Kallo bai mutu ba, wuri ya sauya. Ya koma ɗakunan mata da zauruka da shaguna, daga kaset zuwa faifan sidi, daga nan zuwa tauraron ɗan Adam, a ƙarshe ya tare a wayar hannu. Wannan sauyi ya yi wa fim ɗin tarihi rana, domin shi ne irin fim ɗin da maigida zai iya zama ya kalla da iyalinsa ba tare da yana kawar da kai ba.

Abu na ƙarshe da ya buɗe ƙofar baki ɗaya shi ne fassara. Kamfanonin Kano irin su Algaita sun shahara wajen ɗora muryoyin Hausa a kan fina-finan Indiya, daga baya wasu masu fassara suka bi sahu da na Turkiyya da Koriya da Sin. Kafin fassara, ɗan kallo yana bin labari ne da ido da hasashe, ko ya dogara da wani wanda ya riga shi gani. Bayan fassara, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana jin abin da waziri ya raɗa wa sarki, tana kuma da ra'ayinta a kai.

A shagon mai tura fim

Hanyar da fim ke bi ya isa hannun mafi yawan jama'a a yau ita ce shagon mai tura fina-finai. Irin waɗannan shaguna suna nan a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru a Gusau, da bakin tasha da kasuwa a Tsafe da Bunguɗu. Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta ɗaya ko biyu, ma'adanar fina-finai, tarin igiyoyin haɗa waya, sai janareta ko sola saboda rashin tabbas na wutar lantarki. Sau da yawa shagon cajin waya ne kuma. Mai saye yakan miƙa wayarsa ko ya zare mimori ya bayar, ya faɗi inda ya tsaya, a tura masa ci gaba a kan kuɗi kaɗan. Matan da ke cikin gida sukan aiko yara da mimori a ƙulle a leda ko takarda, da saƙon sunan fim da kashin da ake so.

Mai shagon ba mai sayarwa kawai ba ne. Shi ne ya san wace fassara ce muryarta ta fita tangaran, wane kashi ne ya ɓace a tsakiya, wane fim ne zai dace da wanda ya gama Ertugrul yana neman makamancinsa. Daga wayar mutum ɗaya kuma fim yakan yaɗu zuwa wayoyi da dama ta manhajar tura kaya, ba tare da an taɓa intanet ba. Amfanin wannan tsari ya fito fili a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Kira da intanet sun tsaya na makonni, a wasu yankunan na watanni, amma abin da ke cikin mimori da kwamfutocin shaguna bai dogara da layi ba.

Kallon kansa iri iri ne. Akwai mai kallo shi kaɗai da abin sauraro a kunne. Akwai majalisar samari da ke kewaye waya ɗaya bayan sallar isha'i, an jingina ta da bulo ko butar shayi. Akwai kuma tsakar gida, inda uwargida da amarya da yara ke haɗuwa gaban talabijin idan an kawo wuta. A duk waɗannan wurare ba a kallo a yi shiru. Ana tsine wa maci amana, ana gargaɗin jarumi kamar yana ji, ana salati idan an kashe wanda ake so.

Ertugrul da mutanensa

Babu fim ɗin tarihi na baya-bayan nan da ya kai Ertugrul shiga bakin jama'a. Tashar gwamnatin Turkiyya ta TRT ce ta nuna shi daga 2014 zuwa 2019, zango biyar, kashi 150 a tsarinsa na asali, inda kowane kashi yakan kai kimanin awa biyu. Mehmet Bozdag ne ya shirya shi, Engin Altan Duzyatan ya fito a matsayin Ertugrul. Labarin yana faruwa ne a ƙarni na 13, yana bin ƙabilar Kayi, makiyaya Turkawa masu zama a tantuna, waɗanda ke neman matsuguni a tsakanin Daular Saljuk da Rumawa da mayaƙan Salibiyya da Mongol. Farin jininsa ya ratsa ƙasashen Musulmi da dama. A Pakistan, tashar gwamnati ta fara nuna shi da harshen Urdu a watan Ramadan na 2020 bisa ƙarfafawar Firayim Ministan lokacin, Imran Khan.

Ƙarfin fim ɗin yana ga mutanensa, domin an ba kowa hali guda bayyananne da ɗan kallo zai riƙe. Ertugrul jarumi ne mai tsayawa kan gaskiya ko da 'yan'uwansa sun juya masa baya. Mahaifinsa Sulaiman Shah dattijo ne mai nauyin baki. Mahaifiyarsa Hayme ita ce uwar ƙabila, wadda ke riƙe jama'a idan maza sun fita ko sun rabu. Halima, matarsa, 'yar gidan sarautar Saljuk ce da ta zaɓi rayuwar tanti, kuma mutuwarta bayan haihuwar Usman a zango na huɗu na cikin wuraren da suka fi taɓa 'yan kallo. Barade uku na hannun damansa kowa da alamarsa: Turgut da gatarinsa, Bamsi da takubbansa biyu da son cin abinci da barkwanci, Dogan da biyayyarsa har ya rasa ransa. Yara a unguwa sukan raba waɗannan sunaye a tsakaninsu wajen wasa, da karan dawa a matsayin takobi, suna dukan ƙirji da dunƙulallen hannu irin gaisuwar Kayi.

Miyagun fim ɗin ma kashi biyu ne, kuma 'yan kallo ba sa yi musu hukunci ɗaya. Akwai abokin gaba na fili irin Noyan, kwamandan Mongol, wanda ya kama Ertugrul ya kafa masa ƙusa a tafin hannu. Ana jin tsoronsa, ana ƙin zaluncinsa, amma ana yarda cewa namiji ne da ke zuwa ta gaba. Akwai kuma na cikin gida irin Kurdoglu, wanda ke zaune a majalisar Sulaiman Shah yana kiran sa ɗan'uwa alhali yana haƙa masa rami, da Sa'adattin Kopek, babban bafaden Saljuk mai sayar da daula don kujera. Waɗannan su ne ake tsana har zuci, domin a tarbiyyar Bahaushe cin amana ya fi gaba muni. Akwai kuma Selcan, wadda ta fara da makirci da hassada, daga baya ta tuba ta zama ginshiƙin gida. Masu kallo, musamman mata, sukan daɗe suna muhawara kan ko irin tubanta abin yarda ne.

Bayan Ertugrul sai Usman, wanda aka fara a Nuwamban 2019 a tashar ATV, Burak Ozcivit yana jan ragama. Akwai kuma na Sultan Abdulhamid na Biyu da aka fara a 2017, da na sarakunan Saljuk irin su Alparslan, da na Salahuddin Ayyubi da aka fara a 2023. Wanda ya saba da ɗaya, da wuya ya tsaya nan.

Daga Indiya da Koriya

Soyayyar Hausawa da fim ɗin Indiya tsohuwa ce, kuma fina-finan sarauta suna da kaso a ciki tun daga Mughal-e-Azam na 1960. Jodhaa Akbar na 2008, wanda Hrithik Roshan da Aishwarya Rai suka fito a ciki, ya ba da labarin auren Sarki Akbar na Daular Mughal da gimbiya 'yar Rajput. Mai dogon zango da tashar Zee ta yi a kan labarin daga 2013 zuwa 2015 ya fi shiga ɗakunan mata, saboda yawancinsa a cikin gidan sarki yake gudana, tsakanin kishiyoyi da uwar goyo da jakadu da bayi. Mace Bahaushiya ba ta bukatar a yi mata bayanin abin da ke tsakanin Jodha da kishiyarta Ruƙayya.

Baahubali na S. S. Rajamouli, kashi na farko a 2015 na biyu a 2017, labarin masarautar Mahishmati ne wadda ba ta taɓa wanzuwa ba. Duk da haka ya ba 'yan kallo ɗaya daga cikin mutanen da suka fi jawo gardama, wato Kattappa, bawan sarki kuma gwanin takobi, wanda kakanninsa suka yi rantsuwar bauta wa gadon sarauta. Shi ya koya wa Baahubali yaƙi, shi ne kuma ya soke shi ta baya bisa umarnin fada. A wani wuri a kashi na farko, da ya gane ɗan marigayin, sai ya zube ƙasa ya ɗauki ƙafar yaron ya ɗora a kansa. Tambayar da ke raba majalisa ita ce ko biyayya ga sarauta tana wanke mutum daga jinin wanda bai yi laifi ba. Masu ilmin addini a cikin 'yan kallo sukan kawo ƙa'idar cewa babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci, wasu kuma su tausaya wa tsohon da aka ɗaure da alkawarin da bai ɗauka da bakinsa ba.

Daga Koriya ta Kudu, Jumong na 2006 zuwa 2007, mai kashi 81, shi ya fi suna. Labarin wanda ya kafa masarautar Goguryeo ne, ɗan sarkin da ya taso rago abin raini, wahala ta gyara shi har ya zama gwanin baka da kibiya. Irin wannan tafiya, daga wulaƙanci zuwa ɗaukaka, sananniya ce ga duk wanda ya taso yana jin tatsuniyar auta ko ta 'yar bora.

Tarihin Musulunci da iyakar abin da za a nuna

Fina-finan da suka shafi annabawa da sahabbai suna da matsayi na daban, domin a nan sha'awa takan yi karo da hukunci. Akkad ya kauce wa matsalar a Ar-Risala ta hanyar ƙin nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko jin muryarsa, haka ma halifofi huɗu. Sayyidina Hamza ne ya zama fuskar labarin. Fim ɗin Halifa Umar mai dogon zango, wanda tashar MBC da talabijin ɗin Ƙatar suka nuna a Ramadan na 2012 ƙarƙashin darakta Hatim Ali, ya nuna fuskokin halifofin huɗu, abin da ya sa Jami'ar Azhar da manyan malaman Saudiyya suka ƙi amincewa da shi, ko da yake wasu malamai sun duba rubutunsa sun goyi baya. Fim ɗin Annabi Yusuf da aka yi a Iran a 2008, mai kashi 45, ya nuna ɗan wasa a matsayin annabi, wanda mafi yawan malaman Sunna suka haramta.

A Zamfara, inda karatun addini ke da ƙarfi kuma wa'azi ke da tasiri, wannan saɓani yana nan a cikin gidaje. Wani magidanci zai bar iyalinsa su kalli Ertugrul da Umar Mukhtar amma ya hana duk abin da aka nuna annabi ko sahabi a ciki. Hujjar masu hanawa ita ce fuskar ɗan wasa takan maƙale a zuciya, har yaro ya riƙa ganin ta duk lokacin da aka ambaci sunan mai daraja, alhali ɗan wasan gobe zai fito a wani fim yana abin da bai dace ba. Masu sassauci kuma suna ganin cewa mutane da yawa sun fara sanin jerin abubuwan da suka faru a Badar da Uhudu da Yarmuk ne ta wannan hanya, daga nan suka nemi littafi.

Ma'aunin da ake auna jarumi da shi

Dalilin da ya sa fim ɗin da aka yi a Istanbul ko Haidarabad ke zama daram a zuciyar mutumin Tsafe shi ne duniyar da yake nunawa ba baƙuwa ba ce. Garuruwan nan uku kowanne yana da fadarsa mai rai: Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe, Sarkin Fulanin Bunguɗu, ga kuma masarautar Kwatarkwashi a cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Ɗan kallo ya san waziri da galadima da sarkin yaƙi da dogari, ya san yadda ake zube wa sarki, ya ga lifidi da sulke da kwalkwali a hawan salla, ya ji kakaki da tambari. Idan ya ga majalisar tantin Kayi, da manya a zazzaune kowa a gurbinsa, ya san wanda ke da ikon magana da wanda ya wuce gona da iri.

Ƙasar Zamfara kuma gidan makaɗan fada ce da na maza. Musa Ɗanƙwairo na Maradun, da Sa'idu Faru, da Salihu Jankiɗi wanda asalinsa Rawayya ce ta ƙasar Bunguɗu, da Kassu Zurmi mai waƙar mafarauta da 'yan tauri, sun shafe shekaru suna zana wa jama'a siffar shugaba nagari da ta namijin duniya: mai kyauta, mai haƙuri, mai cika alkawari, wanda ba ya gudu, wanda maƙiya ke shakka. Sun kuma zana kishiyarsa ta hanyar zambo da habaici, wato ɗan sarkin da ke hanƙoron gadon da bai cancanta ba, da bafaden da ke cin tuwo biyu. Kunnen da ya saba da wannan, idonsa ba ya wahalar gane Kurdoglu tun kafin asirinsa ya tonu.

Akwai kuma halin da ake ciki. Fiye da shekara goma ke nan yankin na fama da hare-haren 'yan bindiga da satar mutane da shanu, kuma ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da kewayen Gusau na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mutumin da ya bar gonarsa ba don yana so ba, idan ya ga ƙabila ta ɗaure kaya tana ƙaura saboda mahara, ba labarin nesa yake gani ba. Idan ya ga shugaban da ke hawa doki da kansa ya bi sawun waɗanda aka sace, ya hukunta mai ba abokan gaba labari ko da ɗan'uwansa ne, yana ganin abin da zuciyarsa ke nema. Wannan ne ya sa adalci da amana suka fi yawo a hirar bayan kallo fiye da kyawun faɗa. Fim ba ya maganin matsalar, kuma takobin jarumi ɗaya ba shi ne tsarin tsaron ƙasa ba, amma yana ba mutane harshen da za su faɗi abin da suke tsammani daga masu mulki.

Tsakanin tarihi da ƙirƙira

Babban abin lura ga mai kallo shi ne fim ɗin tarihi ba littafin tarihi ba ne. Abin da aka tabbatar game da Ertugrul na gaskiya kaɗan ne ƙwarai: shi ne mahaifin Usman, ya zauna a yankin Sogut, ya rasu wajajen 1280. Ko sunan mahaifinsa akwai saɓani, domin wasu majiyoyi sun ce Sulaiman Shah, wasu sun ce Gunduz Alp. Ibn Arabi, wanda fim ɗin ya mayar jagoran ruhin Ertugrul, malami ne na gaske da ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma babu shaidar cewa sun taɓa haɗuwa. Sa'adattin Kopek ma mutum ne na gaske, sai dai Sultan Kaikhusrau na Biyu ne ya sa aka kashe shi a ƙarshen shekarun 1230, ba Ertugrul ne ya sare kansa ba kamar yadda aka nuna. A wajen Indiya, masana tarihi sun daɗe suna jayayya kan ko matar Akbar 'yar Rajput sunanta Jodha.

Kowane fim kuma yana da mai shi da manufarsa. Tashar gwamnati ce ta ɗauki nauyin Ertugrul da Abdulhamid, kuma suna nuna Turkiyya yadda take so duniya ta gan ta. Fassara ma takan ƙara nata, domin mai fassara yakan sa karin magana ko barkwancin da babu shi a asali, wani lokaci ya taƙaita dogon zance ko ya sauya ma'anarsa. Wannan ba ya rage daɗin kallo. Abin da ake bukata shi ne malamai da iyaye su riƙa nuna wa yara inda tarihi ya tsaya da inda marubuci ya ɗora, don kada abin da aka gani a waya ya zama hujja a aji ko a kan mumbari.

Na gida da abin da ke jira

A kan labaran ƙasar Hausa ma an gwada wannan fanni tun da wuri. Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka bi da shi hanyar Sahara a zamanin cinikin bayi, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun. Halilu ya kuma yi fim a kan Kanta na Kabi. Med Hondo ya yi Sarraounia a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, a kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. A Kannywood an yi Juyin Sarauta na Balaraba Ramat Yakubu. Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix a 2021, ya sha yabo kan kayan aiki, ya kuma sha suka daga Hausawa saboda an yi shi da Turanci kuma ya yi nisa da abin da aka sani na Zazzau. Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura, shi Najeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024.

Duk da haka irin waɗannan fina-finai ba su da yawa, kuma dalilin a bayyane yake. Fim ɗin tarihi yana cin kuɗi: dawaki da mahaya, ɗinkin tufafin zamanin, ginin gari ko ganuwar da babu turakun lantarki da rufin kwano a bayanta, ɗaruruwan mutane a fagen yaƙi, da bincike kafin a rubuta kalma ɗaya. Kasuwar da fim ke yaɗuwa daga waya zuwa waya ba ta mayar wa mai shiryawa da abin da ya kashe. Akwai kuma tsoron taɓa tarihin gidajen sarauta da zuriyarsu ke raye, ga matsalar tsaro da ta sa ɗaukar fim a dazuka da duwatsun Zamfara ya zama kasada.

Abin da ba a rasa ba shi ne labari. Akwai Sarauniya 'Yargoje da ruwayoyin Zamfarawa ke ambato. Akwai faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa ƙarƙashin Babari a tsakiyar ƙarni na 18, bayan an karɓe su baƙi an ba su wurin zama. Akwai shekarun da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi. Akwai 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, tsohuwar cibiyar malamai da ɗalibai, da arangamarta da rundunar Muhammadu Bello a farkon jihadi, wadda har yau masana ke tattauna dalilanta. Akwai Malam Sambo Ɗan Ashafa da kafuwar Gusau a farkon ƙarni na 19, da Namoda wanda Ƙaura ke ɗauke da sunansa, da Dutsen Kwatarkwashi da tsohuwar al'adarsa ta kamun maiki. Kayan binciken suna cikin rubuce-rubucen malaman jihadi, da kundayen jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da bakin dattawan fada da makaɗa. Mai son mayar da su fim yana bukatar jari, da masana tarihi a gefensa tun daga rubutu, da yardar masarautun da abin ya shafa, da hanyar sayarwa da za ta dawo da kuɗi. 'Yan kallo kuwa sun riga sun samu horo, domin wanda ya bi kashi 150 na tarihin Turkawa yana tantance mai amana da maci amana zai iya bin na garinsu, kuma zai fi kowa saurin gane kuskure idan an yi shi.